Mai Gyaran Huhu

Shekara talatin da ɗaya ke nan
Sirkka tana kawo min akodiyan ɗinta
duk ƙarshen kaka, kafin teku ya daskare a bakin Kemi.
Takan ɗora shi kan teburina kamar mai kawo yaro asibiti,
ta ce, "Toivo, yana tari."
Ba ta taɓa cewa ya lalace ba.

Na san ubanta.
Eino, na injin yankan katako,
yatsu tara da rabi,
mai kaɗa wa masu rawa ran Asabar a rumfar bakin tafki
har sauro ya gaji,
har ranar da ta ƙi faɗuwa ta sake ɗagowa.
Garin katako ya ci ƙirjinsa sannu a hankali,
yadda gara ke cin ginshiƙi, waje lafiya lau.
Daren da ya cika, yarinyar tana bayan ƙofa,
shekararta goma sha biyu,
tana ƙirga shigar iska da fitarta.
Ta ce min ta kai ɗari huɗu da tara.

A Helsinki sun yi mata dariya a ɓoye,
irin dariyar da ake rufewa da kofin shayi.
Kayan mashaya, in ji su, kayan bikin ƙauye.
Wani shehin malami ya ce ta koyi fiyano.
Ta koya. Ta iya har ya ji kunya.
Sannan ta sayar da zoben uwarta,
ta hau jirgin ƙasa zuwa Italiya,
ta dawo da wannan baƙin dodo, kilo goma sha huɗu,
maɓallai gaba da baya kamar ƙurajen ƙyanda.
Abu ɗaya ta roƙe ni:
in cire maɗauran fatar ubanta in ɗinka a jikinsa.
Gumin Eino yana nan har yau, in ka sa hanci.

Ni makeri ne kawai, zugazugi na sani.
Kakin zuma, fatar akuya, harsunan ƙarfe ɗari shida.
Rubutun kiɗanta ba na iya karantawa,
ɗigo-ɗigo kamar sawun tsuntsu kan ƙanƙara.
Amma ina cikin cocin katakon nan
daren da ta fara kaɗa abin da ta shekara bakwai tana rubutawa.
Masu goge huɗu sun ɗaga hannu suna jira.
Ita kuwa ta danna maɓallin iska,
wanda ba ya fitar da sauti,
ta buɗe ƙirjin, ta rufe.
Ta buɗe.
Minti shida, ba waƙa, ba amo,
sai huci, da ɗan kakari can ƙasa.
Wani ya yi tsaki. Benci biyu suka watse.
Ƙofa ta buɗe, sanyi ya shigo ya zauna a madadinsu.
Sai can wata siririyar murya ta fito,
rabin waƙar rawa ta ran Asabar,
tana ɗingishi,
kamar an kaɗa ta da yatsu tara da rabi.

Jarida ta ce ɓata lokaci ne.
Amma wata tsohuwar nas ta tare ta a bakin ƙofa,
ba ta tafa ba, ba ta yi yabo ba,
ta ce, "Na san wannan. A ɗaki na uku nake aikin dare."

Yanzu ana gayyatarta Tokyo, ana gayyatarta Berlin,
ɗalibai suna rubuta littafi kan shirun nan nata.
Kafaɗarta ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama,
likita ya ce ta ajiye. Ta ce to.
Jiya ta zo, dusar ƙanƙara a gashinta,
fensir a bayan kunne.
Na gano ƴar huda a ninki na bakwai,
na ɗauko gam.
Ta riƙe hannuna.
"Bar ta," ta ce. "Ita nake rubuta wa yanzu."