Minti Ashirin da Uku, Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe ɗayan dare a Budějovice,
bas ɗin ƙarshe ta daɗe da wucewa.
Ni da allo biyu da shayin da ya huce
muna jiran manhaja ta gama duba faifan Blažena.

Manhajar nan ba sani ba sabo.
Ba ta san Bohumír ba, ba ta je jana'izarsa ba.
Abin da ta sani ƙidaya ne:
hoto ashirin da biyar a kowace daƙiƙa,
faɗi kaza, tsayi kaza,
da wata iyaka da ba a ƙetarewa,
megabit tara da ɗigo takwas.
Ka wuce nan, faifai ya yi tuntuɓe a gidan mutane.

Layi kore, layi kore,
sauti ya wuce, rubutun ƙasa ya wuce,
har na fara laluben hulata,
sai ja.
Minti ashirin da uku, daƙiƙa goma sha ɗaya.

Na koma wurin na gani.
Ranar kamun kifi ce, an janye ruwan tafki,
maza cikin dogayen takalman roba sun nutse a taɓo har cinya,
koma ta taso, kifi dubu sun yi tawaye lokaci guda.
Ruwa ya tashi sama ya tarwatse,
kowane ɗigo da ƙwayar ranarsa,
ga Bohumír a tsakiya, bakinsa buɗe,
yana dariyar da ta fi ƙarfin ƙirjinsa.

Wannan ne laifin.
Motsi ya yi yawa, haske ya yi yawa,
rai ya fi abin da faifai zai ɗauka.

Kryštof, da yana nan, zai ce a yanke wurin,
daƙiƙa huɗu ne, wa zai ƙirga?
Amma ni na ga matar ranar Talata,
ta zo da kaset a cikin jakar burodi,
ta ce faifai arba'in take so, ba ƙari,
domin tsoffin masunta na Třeboň
ba sa kallo a waya.
Kowa da tsohon injinsa ƙarƙashin talabijin,
an rufe da ƙyalle mai ado,
injin da bai san uzuri ba:
ka ba shi abin da ya fi wuyansa, ya ƙame,
ya bar mamaci da rabin dariya a allo.

To, manhaja ba muguwa ba ce.
Tana faɗa mini yau, a ɗakin nan,
abin da injin Vendelín zai faɗa gaban baƙi.

Na zauna na shiga ciniki.
Na rage wa gajimare, bai isa ba.
Na rage wa ciyawar bakin tafki.
Sai na taɓa ruwan da kansa,
ɗigo-ɗigo, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
ina kewaye fuskar, ina kewaye haƙoran nan biyu da suka rage.
Sau shida na mayar, sau biyar ta ce a'a.

Ƙarfe huɗu da kwata ta yi shiru.
Kore daga sama har ƙasa.

Na gasa faifai guda na gwaji,
na kai shi ɗakin girki, inda muke ajiye injin da ya fi kowanne tsufa,
mai ƙarar kaza idan yana karatu.
Koma ta taso. Ruwa ya tashi.
Dariyar ta fita har ƙarshenta, ta koma tari.

Ba wanda zai san ɗigon da na ɗebe.
Na asalin yana aljihun tebur, na rubuta masa suna da biro,
ko wata rana a yi faifan da zai iya ɗaukarsa.

A waje wani yana kankare ƙanƙara daga gilashin motarsa.