Awa Sittin da Bakwai

A Columbus ta jihar Ohio, hawa na uku,
shekarar casa'in da uku, ni ce mai lissafi.
Darlene Kowalczyk, tebur na kusa da taga.
Aikina ƙirga mintunan da mutane suka raya dare a layi,
in mayar da su dala, in liƙe ambulan.

Dala shida awa guda, in rana ta faɗi.
Da tsakar rana kuwa sai mai nauyin aljihu.
Manaja ya ce hira muke sayarwa
yadda ake sayar da fetur:
baki na zuba, mita na juyawa.
A ƙasanmu ɗakin injuna, sanyi kamar firji,
ƙananan fitilu na ƙifta ido har asuba.

Ƙarshen Janairu waya ta yi ƙara.
Wendell Hofstetter, daga wata gona a Nebraska.
Awa sittin da bakwai. Dala ɗari huɗu da biyu.
Na gyara zama in sha zagi,
don kowa ɗansa ne ya taɓa na'urar,
kowa injinmu ne ya yi masa ƙarya.

Shi ko cewa ya yi, lissafinku daidai ne, yarinya,
na rubuta nawa a bayan kalanda.
Ko za a raba min shi uku?
Sai na sayar da maruƙa a watan Maris.

Na ce, me kake yi a ciki haka?

Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke.
Ya ce, akwai wani zaure na masu kiwon zuma.
Amya goma sha ɗaya Lorna ta bar min,
ban san ko ƙudan na da rai a cikin ƙanƙara ba.
Wani a Oregon ya ce in kara kunne a jikin katako.
Na kara. Suna guna-guni.
Ya ce, na'urar ma haka take yi kafin ta haɗa,
ƙara, da tsaki, da shaƙewa,
sannan wani ya rubuto: Wendell, ka iso?

Na raba masa uku. Ba ni da wannan izinin.

Bayan shekara uku kamfani ya sauya ciniki:
kuɗi ɗaya a wata, ka sha iya cikinka.
Fayafayanmu sun cika akwatunan gidan waya,
har ana ɗora musu kofin shayi.
Duniya ta ɗungumo, ƙofa ta yi kaɗan.
Aka rataye tallan mota a bakin kowane zaure,
aka kwashe teburori tara daga hawa na uku.

A satina na ƙarshe ya sake kira.
Sau arba'in ya gwada, layi a cike.
Da ya samu shiga, zauren ya cika da baƙi,
na Oregon bai sake leƙowa ba.

Na ce, yanzu ai ba a bin ka ko sisi.
Ya ce, na sani.
Amya bakwai sun tsallake sanyin bana,
na ga ya kamata wani ya ji.

Agogon tebur ya nuna minti goma sha tara.
Hannuna ya kai ga biro, don sabo,
ba gurbin da zan rubuta su.