Jar Akuya

Wata biyar Nomau bai ce uffan ba.
Shekararsa huɗu.
In kabu-kabu ya wuce bayan danga
sai ya shige ƙarƙashin amalanke,
yatsu a kunne, har ƙarar ta mutu.

A kan babura suka zo mana, daren Laraba.
Ni na goyo shi har Garin Kaka.
Uwarsa ba ta iso ba.

An ba shi alli, ya zana ɗaki babu ƙofa.
Na kai shi Maraɗi gun likita:
kunne lafiya, harshe lafiya.
"Iya, a ba shi lokaci."
Lokaci kuwa, shi kaɗai muka tsira da shi.

Da kaka aka raba mana awaki.
Tamu ja ce, mai tsagaggen kunne,
ba ta yarda da kowa.
Shi ke kai mata harawa.

Jiya ina tankaɗe
babur ya keto hanya.
Akuyar ta zabura, igiya ta shaƙe ta.
Na leƙa ƙarƙashin amalanke, wayam.
Yana can, ya rungume wuyanta,
muryarsa a dushe:
"Tsaya. Ba su ba ne.
Mai burodi ne."

Ban yi guɗa ba.
Na ci gaba da tankaɗe,
garin yana jiƙewa.