Ashirin da Uku

Ran Litinin muka auna tsiron wake
a kofunan roba, bakin taga.
Na Hinewai ya kai santimita tara,
na Fergus ko kai bai ɗago ba.
Ya ce wakensa tunani yake yi,
ni kuwa ban musa masa ba.

Laraba bas ta tsaya ƙofar makaranta,
iyaye na ta cusa safa a aljihun jaka.
Na ƙirga kawuna, ashirin da uku,
na sake ƙirgawa,
don malamar firamare ba ta yarda da idonta sau ɗaya.
Muka bar Dunedin cikin yayyafin safiya,
tumaki bisa tuddai kamar an watsa auduga.
Sione ya yi amai kafin gada ta biyu,
ya share baki, ya ce ina biskit ɗinsa.

Sansanin na bakin teku, ɗakunan katako,
gado kan gado, warin jiƙaƙƙen takalma.
Na zo da takarda, komai da lokacinsa:
ƙarfe uku, neman ƙaguwa tsakanin duwatsu.
Sai Rawiri ya ja hannun rigata,
yaron da lissafin ɗebewa ke sa wa gumi,
wanda littafinsa ya huje don gogewa.
Ya ce, "Malama, ba yanzu ba.
Ruwan na dawowa. Dubi ciyawar can, ta juya."
Kakarsa ta nuna masa wurin tsintar ƙumba.
Na dubi agogo, na dubi teku,
na ce to, a koma a dafa koko.
Kafin kofuna su huce
dutsen da na zaɓa mana ya nutse har ka.
Na ninke takardar huɗu, na tura aljihu,
ban ƙara fiddo ta ba.

Da dare muka bi rafi cikin kurmi,
kowa da tocila, hannu a kafaɗar na gaba.
Mai kula da dajin, Mista Tamihana,
ya ce a kashe wuta.
Ashirin da biyu suka mutu.
Ɗaya ta rage, tana rawa a hannun Elspeth.
"A gida ana bar mini fitilar baranda."
Ba wanda ya yi dariya,
wannan ya fi mini duk makin da na taɓa bayarwa.
Fergus ya ce, "Riƙe hulata,
ni ma cikina ya ɗuri ruwa."

Ƙit.

Duhu ya danne mu, har haƙora na jin sanyi.
Can sai gaɓar rafin ta fara buɗe ido,
ɗigo, ɗigo, shuɗi-shuɗi,
tsutsotsi masu haske sun rataye zarensu,
kamar gari daga tagar jirgin sama.
Wani ya yi raɗa, "Su nawa ne?"
Hinewai ta fara ƙirga,
ta ɓace a tamanin da wani abu.
Ni tawa ƙirgar daban take a duhu:
tari, jan majina, kwaramniyar rigar ruwa,
numfashin da aka riƙe aka saki.
Ashirin da uku.

Juma'a muka dawo da yashi har cikin kunne,
rabin bas na barci, baki buɗe.

Litinin ta zagayo.
Na ba Rawiri alli ya zana mana cikar teku da janyewarta,
ya cire awa shida daga sha ɗaya
bai ma san ya yi ba.
A bakin taga kuwa, da ba kowa a ajin,
waken Fergus ya fasa ƙasa,
ya karkata wuya wajen rana,
ɓawon na kansa kamar hula.
Ya daɗe yana kallo, hannu a baya.
Ya ce, "Ai na faɗa."

Safa ɗaya, ja, mai hoton kifi,
na nan kan teburina har yau.
Na ɗaga ta sau uku.
Duk ashirin da ukun sun rantse ba tasu ba ce.