Bayan Kashi na Ƙarshe

Da sunaye suka fara hawa allon
ba wanda ya tafa.
Janaretan Sagiru kaɗai ke tari a bayan shago,
ruwan Agusta na dukan kwano kamar mai bin bashi.

Shekara shida muna bin yaron nan,
ɗan maƙeri mai jin maganar iska,
tun bai tsiro gemu ba.
A gabanmu ya haye kogin da ke cinye sunaye,
a gabanmu aka datse masa yatsu biyu
a ƙofar Birnin Gishiri.
Yau ya ci birnin.
Aka miƙo masa mabuɗi,
ya juya shi sau ɗaya a tafin hannu,
ya jefa a rijiya,
ya tafi kiwon awaki.

Awaki!
Barira mai awara ce ta fara miƙewa,
ta ce a mayar mata da ɗari-ɗarin da take zubawa
tun kafin ta yi aure.
Sunan yaron ta laƙaba wa ɗanta na biyu,
yanzu da wane ido za ta dubi 'yan layinsu?

Mudi ya ce ai a littafi ba haka ba ne.
Kullum abin da Mudi ke faɗa ke nan.
A Taminus ya sayo su, a ƙasa, kan buhu,
na uku ba bango,
na biyar ɓera ya cinye ƙarshensa,
amma ya dafa ƙirji ya rantse
cewa can a kan ganuwa yaron ya mutu,
takobi a hannu, fuska na duban gabas.
Na ce, Mudi, a wane shafi?
Ya ce, wanda ɓeran ya ci.

Wani ya ce an sayi marubutan.
Wani ya ce kuɗi ne ya ƙare musu,
ba ku ga rundunar ƙarshe ba ta kai 'yan ɗaurin aure ba?
Nanret ta zaro biro daga gashinta,
ta ce kafin Kirsimeti za ta rubuta nata ƙarshen,
kuma a nata ba akuya ko ɗaya.

Davou na can ƙarshen benci,
hannuwa cikin rigar sanyi.
Sai da hayaniya ta lafa ya ce,
ni dai na gane shi.
Wanda ya ga abin da ya gani,
awaki sun fi masa sauƙin zama.
Aka yi masa ca.
Bai ƙara ba.

Muka yi ta yi har mai ya ƙare,
duhu ya raba gardamar da ba wanda ya ci.

Ni na raka shi, kamar kullum.
Shekara shida, duk Lahadi,
yana tsallako gadar da ke tsakanin unguwarsu da tamu,
gadar da uwarsa ke cewa kada magariba ta same shi a kanta,
gadar da ni ma ban cika wuce rabinta ba.
Sanyin Jos ya shiga ƙashi.
Fitilun Dogon Dutse na ƙifta ido cikin yayyafi.

A tsakiya muka tsaya, inda muka saba.
Na ce, to, sai Lahadi.
Bakina ne ya faɗa, ba ni ba.

Muka yi shiru.
Ruwa na wucewa ƙarƙashinmu da ledoji da ɓawon rake.
A nan na gane
ba mabuɗin ne ya ɓata mini rai ba,
ba awakin ba.

Ya taka sau uku, ya juyo.
Ya ce, ka ce wa Mudi ya ara mini na farkon.
Ba ni da saurin karatu,
babi ɗaya nake iyawa a mako,
kuma ba na son ajiye kayan mutane a gida.
Duk Lahadi zan riƙa kawo masa ya gani.