Mariƙin Buta

Hannun Inna Tabawa ya soma rawa
damina biyu ke nan.
Buta ta suɓuce mata sau uku a yini guda,
ruwan alwala ya bi tabarma.
Ta ce, "Tsufa ne." Ni ban yarda ba.

Na saɓi butar sai Ƙofar Guga,
rumfar Sallau mai ƙirar gwangwani.
Bai dubi butar ba, hannuna ya kama.
"Nata ya kai naka?" Na ce da saura.
"Yatsu nawa ke lanƙwasuwa?" Na ce uku.
Ya yi jim kamar mai lissafin gado,
ya ce, "Wanda ya ƙera wannan mariƙi
bai taɓa zama da tsohuwa ba."

Ya buɗa shi, ya karkata shi kaɗan,
ya naɗe shi da robar taya,
ya sunkuyar da bakin
yadda ruwa zai zo ba a ɗaga kafaɗa ba.
Inna ta riƙa, ta tsiyaya, ta sake tsiyayawa,
ta dube ni ta ce,
"Ashe ba ni ce na lalace ba."

Tun ranar idona ya ƙi zama wuri ɗaya.
Wa ya fara fafe duma a tsaye
har ludayi ya sami wuya?
Wa ya auna kujerar tsakar gida da tsayin murhu?
Sun yi aikinsu sun kwanta dama,
ba su bar mana ko suna ba.

A Rafin Daɗi akwai allon Nomau mai fenti:
haƙori guda, ƙato, fari fat,
da jan ɗigo inda yake ciwo.
Baƙauye mai kumburin kunci
daga kan babur yake cewa a tsaya.
Maƙwabcinsa ya buga nasa a inji,
layi goma sha biyu, launi bakwai,
kowa ya wuce kamar bango.
Nomau ya ce da ni, yana wanke buroshi,
"Allo na mai wucewa ne, yaro,
ba na mai shago ba."

Sai na koma wa ɗakin Inna da zafin sabon sani.
Na sassaƙe dokin ƙofa,
na shafa farar ƙasa a bangon da ke duban taga,
hantsi ya shigo har ƙarƙashin gado.
Na sauko da ƙusar carbi daidai kafaɗar mai zaune.
Na kai hannu kan jeren langa,
tsofaffi, duk sun yi tabo,
shekara talatin ba a ci tuwo a cikinsu ba.

"Kul!" in ji ta.
"Sun tare hanya, Inna, me suke yi miki?"
"In na farka su nake fara gani.
Jar can uwata ce ta zaɓa.
Ka gyara wa hannuna, na gode,
ka bar wa idona nasa."
Na janye hannu a hankali.
Wannan awon Sallau bai koya mini ba.

Yanzu da asuba ina kwance nake ji:
ruwa na sauka siriri, bai yanke ba,
butar ta koma mazauninta,
ba a kira sunana ba.