Ruwan Jego

Tun ran da mai lasifika ya ratsa Garin Malam
yana cewa kar a wanke mota, kar a yayyafa ƙofar gida,
mai tiyo ya naɗe tiyonsa,
na naɗe nawa, na rataye a ƙusa bayan madafa.
Gizo-gizo ya riga ya kama haya a bakinsa.

Pampon gidanmu ya tsufa a wata guda.
Sai ya yi tari, ya yi shiru, ya ja numfashi,
ƙarfe ukun dare ina zaune gabansa da bido shida
kamar mai jinya.
Wani dare ya ba ni biyu da rabi.
Wani dare iska kawai, na yi masa sannu na koma.

Bidon da muke saye dala goma
yanzu ɗan garuwa sai ya dubi sama kafin ya faɗi kuɗi,
duwatsun Birni kuwa sun sha rana sun ƙoshi,
da dare su amayo mana ita.

A gidana ruwa ba ya mutuwa da aiki ɗaya.
Wanda ya wanke shinkafa shi zai wanke kwano,
wanda ya wanke kwano, in ya kwanta ya huce,
na lemun tsamin da marigayi Lawali ya dasa ne
shekarar da aka yi mana siminti.

To, daren Talata sai na ji shi.
Shuuu, ta bayan katanga,
ƙarar da kunnena ya manta,
ƙarar tiyo.
Na ce, Mutari? Kai da muke layi ɗaya?
Mu muna auna alwala da murfin buta,
kai babur kake wa wanka?
Na kife turmi na hau,
da zagi cike da bakina.

Ba babur.
Tukunya ce babba a kan duwatsu uku,
Mutari a tsugune, ya riƙe bakin tiyon da hannu biyu
kada ɗigo ya ɓata hanya,
abin da ke fita bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba.
Tsohuwarsa na tsinkar ganyen bedi a duhu.
Daga ɗaki wata 'yar murya sabuwa fil
ta tsaga daren.
Ashe Barira ta sauka bayan lisha.

Na sauko a hankali.
Na haɗiye abin da na hau da shi, ya tsaya mini a wuya.

Kwana arba'in, safe da yamma,
tukunyar nan sai ta tafasa,
mai lasifika kuwa bai ce komai ba a kan masu jego.

Da gari ya waye ba wadda ta kira wata.
Tsahara ta shigo da buta biyu,
Falmata mai ƙosai da rabin bido a ka,
matar malam da bokitin da ta ɓoye ƙarƙashin gado.
Tsohuwa ta ce a ɗauko littafin biki a rubuta,
yadda ake rubuta atamfa da sabulu:
wance, bokiti ɗaya. Wance, kwano uku.
Ni na kai rabon lemu,
na daina wanke kwano da shi don ya je da tsabta.

Ran suna liman ya raɗa abin da ya raɗa,
kakar ta ce ita Marka za ta kira ta.
Aka yi dariya, ana shafe zufa.
Ta ce, ku bari, ko sama za ta ji kunya.

Yau kwana goma sha tara.
Lemun yana zubar da ganye, ina sharewa da asuba
kafin in dube shi da kyau.
Lawali, ka yi haƙuri, bashi na ci a wurinka.
Jiya na ga gabas ta ɗan yi duhu,
na tsaya da tsintsiya a hannu har ya watse.